Ƙofar da Ba Ta San Talle Ba

A kamfanin Hajiya Maiturare da ke unguwar Bololo a Njamena mutane iri biyu ne, kuma ba a taɓa rubuta bambancin ba don kowa ya san shi. Akwai ma'aikata, akwai 'yan gida. Ma'aikaci yana da albashi da takardar da ake miƙa masa ƙarshen wata, wadda suke kira biltan. Da azahar ya fita bakin titi ya nemi abin da zai ci, Hajiya kuma da Larabcin gari take masa magana, ko da Bahaushe ne gaba da baya. Ɗan gida ba shi da albashi, ai mutum ba ya ɗaukar ɗansa aiki. Shi buhun shinkafa ke iske shi ba tare da ya tambaya ba, da ragon layya, da shadda in azumi ya raba, da ɗan abin da Hajiya kan zaro daga ƙarƙashin darduma ta danƙa masa tana kallon wani waje. Da azahar tire ke fito masa daga cikin gida, a shimfiɗa tabarma a zaure. Da Hausa take masa magana, har zagin ma da Hausa.

Abdulmutallib ɗan gida ne. A takarda yake Abdulmutallib, a bakin Hajiya kuwa Talle. Ubansa mutumin ƙasar Damagaram ne da ya taso a ƙasa za shi Makka, tun ana ce wa garin nan Fort-Lamy. Ya sauka a zauren mijin Hajiya kamar yadda masu zuwa gabas ke sauka, yaron da ya riƙo, wanda uwarsa ta riga ta rasu, ya kwanta zazzaɓi, ayari kuma ya ce ba zai jira ba. Ya bar shi amana, zai ɗauka in ya juyo. Har yau bai juyo ba. Yanzu Abdulmutallib ya ba arba'in baya da nisa, yana da furfura a gemu da gilashin karatu da ɗan tumbi na mutunci, amma in an bi maganar a tsanake, har yanzu ajiya ne.

Shi ke kula da kwamfutocin ofis. Ba wata baiwa ba ce. A farkon shekarun casa'in wata ƙungiyar Turawa da ke tattara komatsanta ta yi gwanjon kujeru, Hajiya ta saya, aka haɗa mata da kwamfuta ɗaya kamar gyara. Cikin 'yan gida shi kaɗai ya zauna lakwal, wato makarantar boko, har ya iya karanta littafin da ya zo da ita, sai aka tura masa. Kwamfuta ɗaya ta zama biyar, biyar ta zama ɗaki guda mai sanyi. Hajiya kuwa, wadda ta fara da tallan turaren wuta a kasuwa, ta zama mai manyan motoci da ke kai shinkafa da mai da sabulu sansanonin masu haƙar man fetur a kudu. Sauran 'yan gidan suna gareji da wajen lodi. A cikin ofis, ɗan gida ɗaya ne ke zaune a kujera ba da albashi ba.

Akwai dai Taufiq, autan Hajiya, wanda ya dawo daga karatu a Dakar ya rubuta kansa a albashi a matsayin darakta. Hajiya dariya ta yi da ta ji. Wanda ta haifa, ko me ya rubuta wa kansa, ita ta haife shi.

A shekarar dubu biyu da biyar kamfanin da ke ba su kwangila ya aiko masu bincike. Suka zagaya da takalmansu masu nauyi, suka gano cewa wani magajin sito da aka sallama tun bara har yanzu kalmar sirrinsa na buɗe kwamfuta, makullin sito kuma yana aljihunsa a unguwar Ridina. Suka bar sharaɗi kafin a sabunta kwangila. Ƙofar ofis da ta sito su koma aiki da kati, kowace kwamfuta da kalmar sirri, kuma duka biyun su riƙa karɓar umarni daga tsarin albashi. Wanda ke cikin albashi a buɗe masa, wanda ya fita a rufe masa nan take, ba sai wani ya tuna ba. Za su dawo su duba.

"Yaya Talle, abin mai sauƙi ne," in ji Taufiq, yana juya makullin mota a yatsa. "Na gani a Dakar."

"Komai a Dakar mai sauƙi ne," in ji Abdulmutallib. "Can akwai wuta."

"Za ka iya dai?"

"Akwai littafi?"

Akwai littafi, mai kauri kamar bulo. Ya yi makonni a kansa. Manhajar albashi tana kan teburin Huseina, akawun albashi, tsohuwa ce mai taurin kai da ba ta taɓa magana da kowa ba. Sabuwar manhajar, mai riƙe da katuna da kalmomin sirri, ma'aikata suka laƙaba mata Mai Gadi tun kafin ta fara aiki. Aikin Abdulmutallib shi ne ya haɗa su zumunci, Mai Gadi ta riƙa leƙawa a kai a kai tana tambayar albashi, su wa ne namu? Da suna abin bai yiwu ba, don a kamfanin akwai Mahamat Hasan har uku, biyu ma direbobi ne. Sai da lambar ma'aikaci. Lambar kuwa albashi ke bayar da ita, ranar da aka ɗauki mutum.

Ranar gwaji Huseina ta jawo kujera kusa da shi. Bahaushiyar Ridina ce, Hausarta ta fi ta Taufiq tsabta, amma tun da ta karɓi biltan na farko ba ta ƙara jin Hausa daga bakin Hajiya ba. Suka zuba wa allo ido, sunaye suna saukowa, kowanne da ƙofofin da aka yarje masa.

"Shef," ta ce, yadda ake kiran manya a ofis, "kai fa?"

"Ni me?"

"Ba ka ciki."

"Gwaji ne."

"Gwajin ma ba ka ciki."

Ya cire gilashi ya goge da bakin riga. Ya riga ta gani, tun makon da ya fara karatun littafin. Ya kuma san maganin. Akwai babi guda a kan yadda ake ajiye wa mai gyara wata hanya ta musamman, wadda ba ta bi ta albashi, saboda ranar matsala. Masu binciken ma sun yarda da ita. Aikin shan shayi ɗaya ne. Ya naɗe kusurwar shafin, ya ce wa Huseina zai duba.

Zalika, matarsa, ta daɗe da maganar albashi a baki. Suna zaune a unguwar Gardole a gidan da shi ma na Hajiya ne, kuma Zalika ba ta taɓa cewa an rage su da komai ba. Abin da take cewa daban ne, kuma ta sake faɗa ran nan da la'asar, tana tsintar shinkafa a tsakar gida.

"Baban Hamdiyya, Inna fa ta tsufa. Jiya da na je gaishe ta sai da aka kama ta ta tashi."

"Ƙafa ce. Bakinta lafiya lau."

"Ran da ta Allah ta kasance, Taufiq zai buɗe kwamfutar da kai ka koya masa, ya nemi sunanka. Me zai gani?"

"Taufiq ni na riƙa goya shi a keke zuwa lakwal."

"Keken yana da fansho?"

Ba yau ya san tana da gaskiya ba. Ma'aikacin da bai kai shi daɗewa ba yana da takardar da za ta ciyar da shi in ƙarfi ya ƙare, shi kuwa yana da alherin tsohuwa guda mai ciwon ƙafa. Ya sha shiga ɗakin Hajiya da maganar a shirye, har da yadda zai fara ta. Ya durƙusa, ya gaishe ta, ta ce, "Talle, yaya aka yi?" Sai ya ji bakinsa yana bayanin cewa janareta na shan mai da yawa. Ya fito da ƙullin turare a kai wa Zalika. Ɗan gida ya buɗe baki ya ce a yanka masa albashi, daidai yake da ya ce shekarun nan duka lissafi yake yi. Ya ce wa matar da ta yi jinyarsa, wadda ta riƙe hannunsa suka haye kogi zuwa Kusseri lokacin yaƙi, ta biya shi.

Don ya kawar da zancen sai ya ba Zalika labarin Mai Gadi, da yadda ta tsallake shi, yana dariya. Zalika ba ta yi dariya ba. Ta tsayar da hannunta cikin faranti.

"In ba ka gyara ba fa?"

"Ta rufe mini ƙofa."

"Sai a yi yaya?"

"Sai an sa ni a albashi."

Ta koma tsintarta. "To ka bar ta ta yi maganar mana."

"Na'ura ce fa."

"Ta fi ka baki."

Ranar Asabar aka kunna abin na gaske. Aka raba wa ma'aikata katuna, direbobi suna ta goga nasu a jikin ƙofa don su ji ta yi ƙara. Abdulmutallib ma ya buga wa kansa kati, da hotonsa da ya fito kamar wanda ake nema. Da kowa ya watse ya buɗe littafi wajen shafin da ya naɗe, ya buɗe wurin a kwamfuta, ya ɗora yatsu. Sai aka kira la'asar. Ya bar abin a buɗe ya je ya yi salla, bai gaggauta addu'a ba. Da ya dawo ya tsaya yana kallon allon kamar kayan wani, sannan ya kashe kwamfutar ya fita. Ƙofa ta rufe a bayansa da ɗan ƙara mai ladabi. In an tambaye shi zai ce mantuwa ce, a hanya ma ya gwada faɗinta sau da dama, har ta fara yi masa kama da gaskiya.

Litinin da safe ya goga kati, fitila ta nuna ja. Ya sake gogawa, don masu kallo. Yunusu, mai gadin da ke da rai kuma yake da albashi, ya taso daga bencinsa.

"Shef, juya shi za ka yi."

Ya juya. Ja.

"Ikon Allah," in ji Yunusu. "Kai da ka haife ta."

Huseina ce ta zo ta buɗe da nata katin, ta riƙe masa ƙofa ba ta dube shi ba. A ciki kwamfutarsa ta gaishe shi da Faransanci mai kyau, ta ce ba ta san wannan mutumin ba. Ya zauna ya harɗe hannu. Bai shirya abin da ya biyo baya ba, amma a Njamena ba a shirya ɗaukewar wuta, jira kawai ake yi. An ɗauke ranar Lahadi, janareta ya yi tari ya mutu, babbar kwamfutar da ke fitar da takardun rakiyar kaya ta tashi a birkice tana neman kalmar sirrin mai gyara. Motoci suna tsaye a waje da lodi, direbobi sun fara neman inuwa.

Taufiq ya shigo yana gumi cikin kwat. Aka yi masa bayani.

"Ba ka bar wa kanka hanya ba, Yaya Talle?"

"Na manta."

Maganar ta fito da kyau, shi da kansa ya yaba. Taufiq ya dube shi ɗan lokaci, sannan ya juya wajen Huseina.

"Sa shi a albashi. Ba shi lamba, abin ya buɗe."

"Sai Hajiya ta ce."

"Ni ne darakta."

"Na sani, Shef. Sai Hajiya ta ce."

Taufiq ya kalli ƙaramar ƙofar da ke ratsa katanga zuwa cikin gida, wadda ba ta da kati kuma ba wanda ya yi gigin cewa a sa mata. Ya sassauta abin wuyansa. Su ukun suka shiga a jere, darakta a gaba don dole.

Hajiya tana rumfarta, ƙafa a miƙe kan matashi, kasko na hayaƙi a gefenta. Ta daina sayar da turare tun da daɗewa amma ba ta daina haɗawa ba, tana tsinke itacen da farce tana jefawa cikin kwano. Suka cire takalma suka durƙusa. Huseina ta tsaya baya kaɗan, inda ma'aikata ke tsayawa.

Taufiq ya yi bayani da Hausarsa ta Dakar, rabi Faransanci. Hajiya ta bar shi ya gama.

"A cire ƙofar," ta ce.

"Inna, ba ƙofar kaɗai ba ce, har da kwamfuta."

"A sayi wata."

"In muka taɓa abin nan, kwangila ta tafi."

"To a rubuta shi yau, gobe a goge."

"Gobe ta sake rufe masa."

Hajiya ta jefa itace a kwano. Ta juyo da fuskarta a hankali.

"Talle."

"Na'am, Inna."

"Wannan abin wa ya haɗa shi?"

"Ni ne."

"Ka koya masa Yunusu, ka koya masa Mahamat ɗin nan uku har ya iya raba su, ni kaina ban iya ba. Ba ka koya masa kanka ba?"

"Albashi kaɗai ya sani, Inna."

"Haka aka yi shi, ba wata dabara?"

Taufiq ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe. Abdulmutallib ya lura da tururuwa guda tana jan ƙwayar sukari a gefen tabarma, ya ba ta hankalinsa gaba ɗaya. Mantuwar da ya yi ta gwadawa tana nan a kan harshensa, a shirye. Amma matar nan ta san fuskarsa tun yana fitsarin kwance.

"Akwai dabara," ya ce.

"Ka manta da ita?"

Ya mayar da idonsa kan tururuwar.

"Tun kana yaro," in ji Hajiya, "in kana son nama ba ka cewa a ba ka. Sai ka zauna kusa da tukunya ka yi ta tari. Ga ka da furfura, ka tsayar mini da motoci a rana, har yanzu tarin kake yi." Ta gyara ƙafarta. "Ni ba na magana da ƙofa. In kana son abu, ga ni."

Ya yi tsammanin ranar da zai faɗa zai ji wani abu babba, ko kuka ko zufa. Abin da ya ji kawai gwiwarsa ce ta hagu tana ciwo.

"Ina so a sa ni a albashi, Inna."

"Na rage ka da wani abu?"

"Ko ɗaya."

"Zalika ce?"

"Ni ne."

"Zalika ce," in ji Hajiya, "amma ba laifi, tana da hankali. Tana ganin na kusa, ba ta yarda da wannan ba." Ta nuna Taufiq da haɓa. "Ni ma ban gama yarda da shi ba."

"Haba, Inna," in ji Taufiq.

Ba ta kula shi ba. Ta daɗe tana kallon Abdulmutallib, ba fushi a fuskarta, kamar dai tana duba yadin da za ta saya. Daga nan ta ɗaga murya ta kira Huseina, ta koma Larabci, ta ce a ba shi lamba, a yanka masa abin da ya dace da babban ma'aikaci, kada a yi masa ƙwauro, a kuma rubuta shi wajen masu fansho kamar kowa.

Huseina ta ce to. Sannan ta ce akwai gurbi guda da manhajar ba ta wucewa sai an cike shi: ranar da ya fara aiki. Taufiq ya fara lissafi a bayyane, ko daga zuwan kwamfutar farko, ko tun lokacin da yake rubuta wa marigayi Baba, mijin Hajiya, rasit. Abdulmutallib kuwa ya san abin da gurbin nan yake nufi. Fansho shekaru yake bi.

"Ki rubuta yau," in ji Hajiya.

"Yau, Hajiya?"

"Yau ya fara aiki. Da can a gida yake."

Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Gaskiya ta faɗa iyakar saninta, kuma ya duba ta ko'ina bai ga inda zai kama ta ba. In ya ce a rubuta shekarun baya, ya ce ke nan tun can ma'aikaci ne, tuwon da ya ci da jinyar da aka yi masa duk cikin lada suke. Ya riga ya faɗi magana ɗaya yau, ba shi da ta biyu.

"Na gode, Inna," ya ce.

Ta mayar da hankali kan kwanonta.

Huseina ta cike gurbin. Ba a jima ba Mai Gadi ta leƙa ta tambayi albashi su wa ne namu, aka ba ta sabuwar lamba, ta ƙarshe a jeri, bayan ta wani kwandastan mota da aka ɗauka watan jiya. Kwamfuta ta karɓi Abdulmutallib da murna. Ya tayar da babbar, takardu suka fara fita, motoci suka kama hanyar kudu kafin rana ta take. Sannan ya buɗe littafi wajen shafin da ya naɗe ya yi aikin shan shayi ɗayan nan, tun da yanzu ba abin da zai ɓata.

Da azahar ya ji ƙarar tire a zaure, da muryoyin mutanen gareji suna wanke hannu. Ya miƙe bisa sabo har ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya yana duba aljihu kamar mai neman wani abu. Ba wanda ya ce kada ya je. Ba kuma wanda ya leƙo ya ce, Talle, an fito da shi.

"Shef," in ji Huseina, tana saɓa jakarta, "akwai wata mai shinkafa da kifi bayan masallaci. Ba ta kai na cikin gida ba, amma ba ta kashe kowa ba tukuna."

Ya bi ta. Ya zauna a benci tsakanin direbobi biyu, ya ci, ya biya. Yaji ya yi yawa.

Zalika ta saurari labarin duka ba ta katse shi ba, har wajen ranar fara aiki. Nan ta ajiye ludayi.

"Sabon ɗauka ke nan."

"Sabon ɗauka. Ina cikin watannin gwaji ma."

"In ka yi ƙoƙari ƙila su riƙe ka."

Ta yi dariya kaɗan, shi ma ya yi. Ta lissafa a ranta shekarun da suka rage masa kafin ƙarfi ya ƙare, ya ga tana yi, bai tambaye ta abin da ta samu ba. Ƙarshen wata da ya kawo biltan ta karɓa da hannu biyu, ta karanta sunansa da lambarsa, ta sa a cikin babbar kwalla ta saman kabad, inda take ajiye abin da ba ta so yara su taɓa. Buhun shinkafa bai zo ba a watan nan. Ya saya a kasuwa, ya gano cewa shekara da shekaru bai san farashinta ba.

Masu bincike suka dawo, suka goga katuna, suka sa aka cire wani daga albashi na ɗan lokaci don su ga ƙofa ta ƙi shi, ta kuwa ƙi shi. Suka yaba aikin, aka sabunta kwangila. Taufiq ya ce a Dakar ma sai haka.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya shiga gaida Hajiya, kamar yadda ya saba tun yana da wayo. Ya cire takalma, ya durƙusa inda yake durƙusawa, ya ce, "Inna, barka da Juma'a. Yaya ƙafar?"

Ta amsa da fara'a, da Larabci. Ta ce ƙafa da sauƙi, ta tambayi lafiyar iyali, ta tambaya ko aikin yana masa daɗi, ko akwai abin da ofis ke bukata. Ta kira shi Abdulmutallib, cikakke, ba ta ci ko harafi ba. Bai taɓa jin sunan daga bakinta ba, ashe ta iya shi. Ya amsa da Larabci shi ma, ya ce komai lafiya, sai dai janareta na shan mai da yawa. Ta ce ya yi wa darakta magana.

Ya ja da baya ya sa takalmansa. Yana ɗaure igiyar na biyu ya ji ta tana faɗa da wata jikarta a kan garwashi, da Hausa, zagi mai daɗi irin wanda ya sani. Ya ɗan daɗe a kan igiyar fiye da yadda take bukata.

Sannan ya zagaya ta waje zuwa ofis, don ya tuna ya bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Ya goga katinsa. Fitila ta nuna kore, ƙofa ta buɗe masa nan da nan.